Daren Da Na Riƙe Biliyan 258

Jiya da daddare ne, har yanzu kunyar ba ta sake ni ba. Ni ne ma'ajin ƙungiyar unguwarmu, mutum 32 muka yi karo-karo na dubu goma sha biyar-biyar don gyaran kwalbati. Yaro ɗan firamare ma zai ce maka Naira 480,000 ne. Amma ni sai na ga ya kamata dattawa su san zamani ya zo, na aro majigi, na haska Excel a jikin bangon ƙofar gidan Mai Unguwa.

Sunaye suna layin A, lambobin waya suna B, kuɗi suna C. Na sauka gida na C34, na rubuta =SUM( na kama linzami zan ja daga C2 zuwa C33. Hannun nan nawa, da bai taɓa cin amanata a gaban tuwo ba, sai ya goce ya fara daga B2. Ɗige-ɗigen nan masu zagaye abin da ka zaɓa kamar jerin gwano suka kewaye layuka biyu. Na gan su da idona, na ma ji daɗin yadda suke tafiya. Na danna Enter.

Da farko Allah ya rufa mini asiri, gidan ya yi wa adadin kaɗan, sai ya nuna ########. Da ina da rabo da nan na tsaya na ce a tashi sai gobe. Ina! Ni da kaina na kama gefen layin na buɗe shi, har ina cewa, "Ranka ya daɗe, ga jimilla nan." Na buɗe, a hankali, kamar mai yaye lulluɓin amarya. Biliyan 258 da 'yan kai suka fito a bango, kowane adadi ya kai girman tafin hannu.

Abin da ya faru, Excel ba ta san lambar waya ba. Tana ganin 080 a gaba sai ta yar da sifilin farko, ta ɗauki sauran a matsayin biliyan takwas. Mai 070 biliyan bakwai ya bayar, mai 090 kuwa ya fi kowa hannun kyauta.

Wuri ya yi tsit, sai ƙarar janareta. Mai Unguwa ya gyara zaman tabarau, ya ce, "Malam Ma'aji, to suna ina?" Liman ya yi salati. Ni kuwa ina ta sake ganin yatsana yana jan gefen layin nan, ba wanda ya sa ni, ba wanda ya roƙe ni.

Nan Baba mai gyaran rediyo ya matso da kujerarsa. Ya leƙa bayan kwamfutar, ya shinshina, ya ce, "Yaro, wuta ce ta yi mata yawa. Janareta in ya turo da ƙarfi, komai kumbura yake yi. A rage masa mai." Na ce, "Baba, ba daga nan ba ne." Ya ce shekara arba'in yana wannan sana'a, tun ina cikin zani. Aka tura yara biyu wajen janareta.

Ni kuma na goge, na sake rubuta =SUM( cikin rawar jiki. Na so in kauce in yi tunani, amma muddin fomula tana buɗe, duk gidan da ka taɓa sunansa ne zai faɗo ciki. Na taɓa A9, ya shigo. Na gudu F2, ya biyo ni. Maɓallin Esc yana nan a kusurwa yana kallona, sai yau da safe na tuna da shi. Daga ƙarshe na kama C2 na ja ƙasa da ƙarfi, na zarce har C34, wato na ce wa jimilla ta haɗa da kanta. Wani gargaɗi ya fito da Turanci, na danna OK ban karanta ba.

Bango ya nuna 0.

Baba ya juya wajen yaran, ya ɗaga murya: "Kai! Kun rage da yawa! Ku ƙaro kaɗan!"

An ɗage taro zuwa Asabar, kuma Mai Unguwa ya ce in zo da kuɗin a leda.