Baƙar Mota a Birnin Shehu da Hidimomin da ke Tattare da Ita

Sakkwato na cikin garuruwa mafi zafi a Nijeriya, inda ma'aunin zafi kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu da Mayu, sannan daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ta kwaso ƙura daga Hamadar Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta shimfiɗa ta a kan duk abin da ya tsaya wuri ɗaya. Bisa ƙa'idar hankali, mutumin wannan gari da Allah ya hore wa kuɗin sabuwar mota zai nemi fara ko mai ruwan toka, domin su ne ke mayar da hasken rana, su kuma rufa wa ƙura asiri. Sai dai duk wanda ya tsaya a bakin titin Ahmadu Bello ko titin Maiduguri zai ga cewa wani rukuni na masu hali ya zaɓi baƙa wuluk, kuma dalilin, wanda ba a cika faɗa a fili ba, shi ne baƙar mota ta yi kama da na ayarin gwamna, har maigadi kan wangale ƙofa kafin ya tambayi sunan mai shigowa.

Sabuwar mota a nan ta haɗa da wadda ta yi shekara goma tana yawo a Beljiyam ko Amurka kafin ta sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, kuma shaidar sabuntarta ita ce ledar kujeru, wadda ba a cirewa ko da fasinja zai narke a kanta.

Fentin motar zamani hawa-hawa ne: akwai shimfiɗar ƙasa mai kare ƙarfe daga tsatsa, sai launi, sai wata shimfiɗa garai-garai a sama wadda ita ce ke ba da sheƙi, kuma kaurinta bai kai na silin gashi ba. Ƙurar hunturu kuwa ɗauke take da ɓarɓashin yashi wanda ya fi wannan shimfiɗa tauri nesa ba kusa ba. Saboda haka duk lokacin da Alhaji ya fito bayan sallar asuba, ya ga motarsa ta wayi gari da launin garin ɗanwake, ya zaro hankici ya share ta a bushe cikin ƙauna da tausayi, abin da ya yi a haƙiƙa shi ne gurzar fentin da yashi. Sakamakon shi ne waɗannan siraran zane-zane masu kewaya da kan bayyana idan rana ta take, waɗanda a jikin farar mota sai mai neman magana ke ganinsu, a jikin baƙa kuwa ana hango su daga tsallaken titi. Laifin, kamar yadda aka saba, yakan faɗa kan yaran unguwa, musamman wanda aka taɓa kamawa yana rubuta “a wanke ni” da yatsa a gilashin baya.

Daga nan sai batun ruwa, wanda shi ne sashe mafi ban tausayi. A unguwanni irin su Mabera da Arkilla, inda gida kan dogara da mai garuwa idan famfo ya ɗauke, an san magidancin da ke ƙidaya butar alwala yana yi wa iyali wa'azi kan almubazzaranci, amma ya sauke wa motarsa jarkoki kullum safiya ba tare da ya nemi ragi ba. Idan uwargida ta ce, “Alhaji, randa fa ta yi ƙasa,” amsar takan zama cewa a yi haƙuri, mota amana ce. Ruwan rijiyar burtsatse kuma, a yankin da dutsen farar ƙasa ya wadata har aka kafa masana'antar siminti a Kalambaina, yakan bushe a kan baƙin ƙarfe mai zafi kafin a kai ga goge shi, ya bar fararen ɗige-ɗige, waɗanda maganinsu a wajen Alhaji shi ne sabon wanki. Wanda ya kai tasa wurin masu wankin mota ma bai tsira ba, domin yaron da ke cewa “Ranka shi daɗe, wagga mota ta yi” yakan zuba omo a bokiti, alhali omo na wanke man kariya ne tas, sannan ya bi bonet da soson da ya gama cuɗa taya da shi.

Man kariyar nan, wato kakin da ake shafa wa fenti domin ruwa ya zame, ƙura kuma ta rage kamawa, mafi shahararsa ana samo shi ne daga ganyen wani icce dangin giginya mai suna karnoba, wanda ke fitowa a arewa maso gabashin Brazil. Masana'antunsa sun yi sharaɗin a shafa shi siriri, a inuwa, a kan jiki mai sanyi. Sharuɗɗan uku duka sun ci karo da ɗabi'ar gari: siriri alama ce ta rowa, jikin baƙar mota da azahar yakan haura digiri 70, inuwa kuwa tana ɓoye aikin daga idon maƙwabta, waɗanda domin su aka sayo man tun farko. Don haka akan laɓta shi da rana tsaka a ƙofar gida, ya ƙafe, a yi ta murza da tsohuwar singileti har a ƙara wa zanen jiya 'yan'uwa.

Wurin ajiya ma fitina ce mai zaman kanta. Idan an bar motar a rana, sitiyari ba ya taɓuwa. Idan an kai ta ƙarƙashin bedi, wato dalbejiya, tsuntsaye su yi mata ambaliya da kashin da ke cin fenti. Idan an ja ta gindin katanga, jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna a Turai da laƙabin fatar Maroko, ta hau bonet da kofato ta miƙa wuya ga ganye. Mafita ta ƙarshe ita ce tamfol, kuma a wannan mataki ne ake ganin mai mota ya lulluɓe dukiyarsa ruf, ya danne gefuna da bulo, ya tari kabu-kabu zuwa ofis, yana riƙe da makullin a inda kowa zai gani. Motar sai ranar Juma'a ko ɗaurin aure, kuma ko a nan sheƙin da aka kwana ana nema ba ya wuce shataletalen farko, musamman idan tirelar siminti ta sha gaba.

Bayan hunturu biyu, lokacin da baƙin ya koma wani launi tsakanin toka da gawayi, akan kira dillali. Shi kuwa yakan zagaya motar, ya tsuguna ya karkata kai yana duban fentin ta gefen rana, ya rage farashi saboda yawan wanki, sannan ya kai ta a goge da inji, ya sa wa kujeru sabuwar leda, ya buga wa wani Alhajin waya cewa an samu baƙa, ko ƙwarzane babu.