Allah Ya Bar Zumunci

Duk mai cewa gwamnati da ƙungiyoyin agaji ba su iya haɗin gwiwa ba, ya hau mota daga Birnin Kudu ya ratsa Gwaram ya sauka a Basirka, yana ƙirga allunan bakin hanya. Tambarin gwamnati a dama, na ƙungiya a hagu, rubutu raɗau. Famfon da ke bayan allon ya daɗe bai ɗiga ba, har awaki sun mai da gindinsa wurin hutawa, amma ƙarfen allon ko tsatsa bai yi ba. Ɗorewar da ake faɗa ke nan.

Rabon aikin ma abin koyi ne. Ƙungiya ta kawo kuɗi da injiniya da farar mota, gwamnati ta kawo almakashin yanke ƙyalle da mai dogon jawabi. Kason kuɗin gwamnatin kuwa, takarda na kan tebur, oga ya yi tafiya.

Sai bita, uwar ayyuka. A otal ake yin ta a Dutse, in da hali a Kano, domin ƙishirwar ƙauye ba ta fitowa fili sai a ɗaki mai na'urar sanyi. A sha shayi da hantsi, a ci shinkafa da kaza, a manna takardu a bango, a sa hannu a karɓi kuɗin mota. Yarinyar da ke sammakon ɗibar ruwa da jarka kuwa ba a wahalar da ita da gayyata ba. Tausayi ya yi!

Amana fa? Tun 2008 likitocin ƙungiyar MSF suke karɓar haihuwa da yi wa masu yoyon fitsari aiki a babban asibitin Jahun. Shekara da shekaru baƙo na riƙe da ragamar, ba a yi masa rashin kunyar cewa ya huta haka, masu gida sun karɓa ba. Mu dai mun san darajar baƙo.

Da Trump ya dakatar da tallafin Amurka a Janairun 2025, mahassada suka yi ta surutu wai lokaci ya yi da mai ɗaki zai san inda yake masa yoyo. Gaggawar me ake? Za a kafa kwamiti, kwamiti ya kira taron masu ruwa da tsaki. Abin da ya rage kawai a samo ƙungiyar da za ta biya kuɗin otal.