Malaman Falaki Masu Wayar Hannu

Duk wanda Allah ya nufa da biyowa ta ƙasar Ungogo ranar 29 ga Sha'aban, bayan an sallame Magariba, zai iske wata sabuwar ɗariƙa ta samari a bakin gonaki, tun daga Fanisau har Rangaza, kowa ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, wai suna farautar jinjirin wata don su riga Sarkin Musulmi yin shela.

Iyayenmu, waɗanda ba su taɓa riƙe wata na'ura ba, sun san Kaza da 'ya'yanta wadda malamai ke kira Surayya, sun san Zara matar wata, sun san Gamzaki mai fitowa da asuba, kuma da lissafin taurari suke kirdadon saukar damina. Amma waɗannan shehunan, da iyakar ilmin falakinsu cajin batir ne, sun ɗaura niyyar kamo halittar da ke nesa da mu kimanin kilomita 384,000 da wayar da aka sayo ta hannu a Farm Centre, alhali abin da ke fitowa bai wuce farin ɗigo ba, kamar ƙwayar shinkafa a gindin baƙar tukunya.

Na shaida da idona wani ya ɗauko hoton tauraro mai haske, ya rantse Zara ce, jama'a na ta tabarakallah, sai ga Zarar tana ƙyafta ja da kore, ta yi ruri, ta sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Wani kuwa, da ya ga nasa ya ƙi kyau, sai ya watsa hoton wata a WhatsApp, ya rubuta "yanzu-yanzu a Bachirawa", ga duwatsu lulluɓe da ƙanƙara a bayansa, waɗanda tun zamanin Bagauda ba a ji labarinsu a Kano ba.

Ana cikin wannan mujadala wani dattijo ya fito daga masallaci da carbinsa, ya dubi yamma, ya ce, "Ga shi can, 'ya'yana, bisa kan rimin nan."

Suka ce, "Dakata, Baba, mu ga ko an sa a WhatsApp."

Kafin su ɗago kai wata ya faɗi.