Jagoran Mai Son Banza: Waƙa a Memori, Jirgi a Sama

Satar waƙa sana'a ce mai ladubba, sai dai yawancin masu yinta yau ba su yi zaman koyo ba. Yaro ya samu waya da 'yar data, shi ke nan ya ɗauka ya ƙware. Ina! Mai son ya ci gumin mawaƙi, ya kuma yi barcinsa har da minshari, dole ya bi abin daki-daki.

Ka fara da sanin magabatanka. A 1999 wani ɗalibi a birnin Boston na Amurka, Shawn Fanning, ya ƙirƙiro Napster, manhajar da ta bai wa kowa damar yashe waƙoƙin da ke kwamfutar kowa. Ƙungiyar mawaƙa ta Metallica ta maka Napster a kotu a 2000, aka rufe shagon a 2001. Mutanen Suwidin suka karɓi tuta da shafin The Pirate Bay a 2003, su ma a 2009 alƙali ya yanke wa jagororinsu ɗaurin shekara guda-guda. Wadda ta fi ban tausayi ita ce Jammie Thomas ta jihar Minnesota, da kotu ta ci tararta dala 222,000 a 2007 saboda waƙa 24 kacal. Kowace waƙa ta tashi a dala 9,250. Ka buɗe wayarka ka ƙirga naka ka ninka, amma in kana da hawan jini ka bar lissafin. Babban kuskuren baiwar Allah shi ne wurin da ta zaɓa ta yi abin.

Mu nan ba mu jira wani Napster ba. Tun zamanin kaset, kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta jera na'urorin kwafi suna aiki ba dare ba rana: wa'azi, karatun Alƙur'ani, finafinan Indiya, kiɗan gargajiya. Har wani masani, Brian Larkin, ya yi nazarin harkar a littafinsa na 2008, ya nuna cewa hanyar da kwafin ya share ita ce finafinan Hausa suka bi suka shiga ƙauyuka. A kasuwar Alaba ta Legas kuwa abin ya wuce nan, domin akwai lokacin da sababbin mawaƙa da ƙafarsu suke zuwa su biya 'yan kasuwa a cusa waƙarsu cikin faifan haɗe-haɗe. A sace maka kaya, ka kuma ba da tukwici. Ka haddace wannan tarihin, zai yi maka rana wajen musu.

To, sai aiki. Ka nemi ɗan dawunlodin na bakin titi, mai tebur da lema da kwamfutar da fuskarta ta tsage aka liƙe da salatif, ga lasifika tana tashin unguwa. Ka zare memori ka miƙa masa da isa.

“Oga, cika min ita.”

“Sababbi kawai, ko a haɗa da tsofaffi, Alhaji?”

“Haɗa komai. Amma fa ka yi ragi, ni na gida ne.”

Cinikin wajibi ne, ko da kuɗin bai kai na kwanon shinkafa da wake ba. In ka koma gida ka tarar waƙa biyu sun maimaita kansu, ko wata ta yanke a tsakiya, kada ka haƙura. Ka hau acaɓa ka koma, ka tara masa jama'a, ka ce masa ya ji tsoron Allah ya daina cin haƙƙin mutane. Da yamma kuma ka kunna Xender a majalisa, duk wanda ya ce “tura min” ka tura masa, domin hana alheri ba halin kirki ba ne.

Inda gwaninta take shi ne wajen hujja, saboda ba a rasa mai tsurku a majalisa da zai kawo maganar halal da haram. Ka fara da tsadar data: a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin ɗari, wannan kowa ya ji a jikinsa. Ka ƙara da rashin sabis. In ya ce ai Spotify ya shigo Najeriya tun 2021, ga Audiomack da Boomplay da ake iya saurare ko ba a biya ba, sai ka ce kai waɗannan abubuwan na 'yan boko sun fi ƙarfin kanka. Kada ka bari ya tuna cewa kai ne ka koyi VPN cikin dare ɗaya a 2021 da gwamnati ta toshe Twitter, har kana koya wa surukinka.

Hujjar da ta fi ƙarfi ka ajiye ta sai ƙarshe. Ka ce makaɗan da, irin su Mamman Shata, ai ba da cinikin kaset suka riƙe gidajensu ba, da kyautar iyayen gida ne da liƙin biki. Yaɗuwar waƙa ita ce ke jawo wa mawaƙi gayyata. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa take kashe baki. Abin da ba za ka faɗa ba shi ne, mawaƙin da masu saurarensa ba sa ba shi ko sisi dole ya nemi mai ba shi, kuma a zamanin nan mai bayarwa da yawa ɗan siyasa ne. Wannan ma riba ce gare ka. Ka samu abin rubutawa a Facebook: mawaƙan yanzu ba su da aƙida, duk sun zama 'yan koren masu mulki. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023 ta tanadi a sauke kayan sata daga intanet. Kada ka karanta ta, tana ɓata wa mutum jin daɗin kiɗa. Ranar da Allah ya haɗa ka da mawaƙin a gidan biki, ka rungume shi, ku ɗauki hoto, ka shaida masa babu waƙarsa da ba ta memorinka. Sannan ka roƙe shi na mota.

Kuɗin da ka tsira da su kuma kada ka bar su su yi sanyi. Ka zuba su a tashin ƙaramin jirgin sama na rimot, sha'awar da aka ƙirƙira musamman don hukunta mai son banza. Zanen jirgin kaɗai za ka sauke kyauta. Inji, farfela, batir da rimot duk da dala suke magana, kuma babu mai tura maka su ta Bluetooth. Masu abin suna amfani da katakon balsa, wanda yawancinsa daga Ekwado yake fitowa. Kai ka nemi farin abin nan mara nauyi da ake tokare sabon firji da shi a cikin kwali, ka haɗa da gam da reza. In ka taɓa yin motar kara kana yaro, hannunka zai tuna.

Kafin ka fita fili, ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu ta ƙarƙashin fukafukai, wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku daga gaban fiffike. Hanci ya ɗan rinjaya kaɗan. In wutsiya ce ta yi nauyi, jirgin zai ɗaga kai sama kamar mai neman gafara, ya tsaya cak, ya dawo ƙasa da ka. Ka harba shi yana fuskantar iska. Ka kuma sani, da zarar ya juyo yana nufo ka, damansa ta zama hagunka, kuma a nan ne yatsa yake cin amanar mai shi. Batirin irin wanda ke kumbura ya kama wuta ne, saboda haka ba a cajinsa a kan katifa. Ka tafi da buhu don kwashe ɓaraguzai, duk da yaran unguwa za su riga ka isa wurin, kuma farfelar ba za ta sake ganuwa ba.

Ka kuma zaɓi filin da kyau. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya ta ce ba a tashin jirgi mara matuƙi sai da izininta da na ofishin mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A halin da ake ciki, jami'in da ya ga abu yana shawagi kusa da bariki ba zai tsaya tambayar ko da kwalin firji aka yi shi ba.

In ɓarin ya yi yawa, ka rarrashi kanka da labarin Maynard Hill, dattijo Ba'amurke da idonsa ya kusa tafiya. A Agustan 2003 jirginsa da bai kai kilo 5 ba ya tashi daga Newfoundland ta Kanada ya sauka a Ayalan, tafiyar kilomita 3,000 cikin kusan awa 39, da man da bai cika galan ba. Wannan shi ne na biyar. Huɗun farko teku ta cinye.

Ranar da naka ya tashi ya kuma sauka lafiya, a ranar za ka gano kai mai fasaha ne, kuma fasaha tana da mai ita. Kana da abin koyi. A 1878 mahaifin Wilbur da Orville Wright ya kawo musu abin wasa mai tashi da ƙarfin roba, wanda aka yi bisa ƙirar wani Bafaranshe, Alphonse Pénaud. Da ya lalace suka zauna suka kwaikwayi nasu, babu wanda ya aiko musu da sammaci. Suka girma, suka tashi jirgin gaske a 1903, suka karɓi takardar mallakar fasaha a 1906, daga nan suka shiga maka masu ƙera jirage a kotu, musamman Glenn Curtiss. Rigimar ba ta lafa ba sai da yaƙi ya sa gwamnatin Amurka ta matsa wa kamfanonin suka haɗa takardunsu wuri guda a 1917.

Saboda haka in ka ga ɗan maƙwabcinka ya tsuguna yana auna fiffikenka da rula, ka ƙwace rular, ka kai ƙararsa wajen ubansa, ka tambaye shi ko ya san dare nawa ka yi kana yankan nan. Bidiyon tashin kuwa ka ɗora shi a TikTok, ka zaɓo masa waƙa mai daɗi daga memorinka. Mutanen intanet ba su da amana, suna iya ɗauka su ce nasu ne, don haka ka rubuta sunanka da manyan baƙaƙe a tsakiyar bidiyon, ko da zai rufe jirgin.