Ranar da Kuloci Ya Kwanta a Hanyar Dakko

Babu abin da ke tara jama'a a hanyar Dakko kamar Hilux da ta tsaya cak ranar Talata da hantsi, a tsakiyar damina, da buhunan shinkafa jibge a bayanta. Inji na kuka lafiya lau, amma giya ta ƙi shiga ƙememe. Direba ya taka kuloci, feda ta tafi ƙasa laɓas kamar an taka ɗumame, ta kwanta can ta ƙi tasowa. Kasuwar Mafara na can tana ci. Kafin ka ce kwabo mutum goma sun kewaye bonet, kuma kowannensu ya riga ya san abin da ke damun motar.

Abin da ke ƙarƙashin bonet ɗin kuwa ba wani sirri ba ne. Manyan motocin shiga daji irin su Hilux, wadda Toyota ta fara ƙerawa a 1968, da Land Cruiser samfurin 70 da ta fito a 1984, da mai kulocinsu ke aiki. Idan aka taka feda, wata 'yar tukunya da ke manne jikin bangon inji, wadda bakanikai ke kira kulocin sama, ita ke tura man birki ta cikin siririn bututu zuwa ƙanwarta, kulocin ƙasa, da ke jikin giyabos. Ita kuma ta tunkuɗa wani ƙarfe mai baki biyu, ƙarfen ya danna boris, faranti ya saki, inji ya rabu da giya. Shi ke nan. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, don haka da zarar roba ta cinye, mai ya zurare, iska ta samu ƙofa, sai ƙarfin ƙafar direba ya ƙare wajen matsa iska.

Na farko a cikin masana shi ne direban kansa, wanda ya fi kowa nuna mamaki, alhali mako uku ke nan yana famfa kuloci sau huɗu kafin ya sa giya ɗaya. Ƙafarsa ta hagu ta saba har a kan tabarma tana motsi. Kowace safiya yana ganin ɗigon mai a ƙasan mota, sai ya tura ƙasa da takalmi ya rufe. A wurinsa mota ba ta lalace ba muddin tana tafiya, kuma robar da ba ta kai kuɗin abincin ranarsa ba tana iya jira sai bayan kaka. Yanzu ga shi ya dafe ƙugu yana cewa, "Wallahi yanzun nan lafiyarta lau."

Shi kuwa mai motar ba ya wurin, amma muryarsa na nan. Yana Gusau, a waya, an sa shi a sifika kowa na ji. Tambayarsa ɗaya ce, yana juya ta ta fuska bakwai: ba watan jiya aka gyara ba? An gyara, ranka ya daɗe, amma birki aka gyara. "To ba mai ɗaya suke sha ba?" Nan dai Alhaji ya faɗi gaskiya ba da niyya ba, domin man birki mai lamba DOT 3 ko DOT 4 shi ne dai man kuloci. Daga nan katinsa ya ƙare, jama'a suka huta.

Sai wani mai babur ya faka, ya sauko yana gyara hula. Shi bakanike ne, in ji shi, ya yi shekara biyu a wani gareji a Sakkwato. Bai leƙa ko'ina ba, bai taɓa komai ba, ya yanke hukunci: faranti ya ƙone, sai an sauke giyabos. Irin wannan mutum ba ya son ƙaramin ciwo. Ko ƙaya ce ta soke ka, shi tiyata zai ba da shawara. Da zai yi haƙurin minti ɗaya, da motar ta gaya masa da kanta. Farantin da ya cinye alamarsa daban ce: inji ya riƙa ihu mota na rarrafe, musamman a hawa ko da kaya, ga wani ƙauri kamar an ƙona tsumma. Nan kuwa in an kashe inji giya na shiga sumul, in an tayar ta ƙi, feda kuma ba ta da nauyi ko kaɗan. Wannan ba aikin kwana biyu ba ne da aika yaro Ƙofar Ruwa a Kano neman kaya ɗan Beljiyam. Amma wa zai biya kuɗin kirki don an cire iska?

Wanda ya fi shi haɗari shi ne mai taimako. Mutumin kirki ne, ba ya iya ganin Musulmi cikin matsala ya wuce, kuma a fahimtarsa duk abin da ke da santsi mai ne. Da ya ji an ce tukunya ta bushe, sai ya ruga ya dawo da ragowar baƙin man injin ban-ruwansa a gorar lemo. In aka ƙi, yana da man gyaɗa a gida. In aka ƙi wannan ma, ya taɓa ganin wani direban tifa ya kaɗa ruwan omo ya zuba, kuma har Maradun ya kai. Ba ya ba da labarin abin da ya faru bayan Maradun. Robobin da ke cikin tukwanen nan an yi su ne don man birki kaɗai. Man inji ko jan man giya na kumbura su har su yi laushi kamar ƙullun ƙosai, sai a wayi gari sama da ƙasa da tiyon da ke tsakaninsu duk sun tashi aiki. Gyaran gangar Abzinawa ke nan, ga shi an yi shi don Allah.

Ko man birkin na gaskiya ma yana da nasa hali: mayen ruwa ne, yana zuƙar danshi daga iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya sauka zuwa 140. Kuloci ba ya ɗaukar zafi kamar birki, to amma ruwan nan shi ke sa cikin tukunya ya yi tsatsa, tsatsa ta riƙa gurzar roba. Shi ya sa gwangwanin da aka huda da ƙusa tun bara, aka toshe da tsinke aka ajiye a ƙarƙashin kujera, ba abin alfahari ba ne, ko da yake kusan kowane direba na da irinsa.

Can gefe, a gindin bedi, akwai Baba. Duk inda mota ta lalace tsakanin Bakura da Maradun akwai Baba, kuma duk cikinsu babu wanda bai tuƙa wa Turawan Impresit mota ba lokacin da ake gina madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978. In aka ƙirga direbobin da suka ce sun yi wannan aiki, sai an rasa wanda ya ɗauki siminti. Baba bai ga dalilin tsayuwa ba sam. "Yaran zamani, mi ag amfanin kuloci ga direba?" A kashe inji, a sa giya ɗaya, a murza makulli mota ta zabura, daga nan a riƙa sauraren kukan inji ana zura giya daidai lokacin da ta nemi shiga. Abin haushin shi ne Baba ya yi gaskiya, ana yin haka, kuma ya fitar da mutane da yawa daga daji, a yankin da ba wanda ke son magariba ta riske shi a hanya. Abin da bai faɗa ba shi ne dabarar na cin batir da kik, tana cin haƙoran giya a hannun wanda bai iya ba, kuma a cikin taɓo, da buhu ashirin a baya, motar ba za ta ko zabura ba. Da aka miƙa masa makulli ya gwada, sai ya tuna gwiwarsa na ciwo.

Akwai kuma ɗalibin foliteknik ta Abdu Gusau da ke Mafara, wanda ya zo gida hutu. Shi kaɗai ne ya san dalilin abin, kuma shi kaɗai ne ba a saurara. Ya fara bayanin wani Bafaranshe mai suna Pascal da ya nuna a ƙarni na 17 cewa in aka matsa ruwa a rufaffen mazubi, ƙarfin matsin na isa ko'ina daidai wa daida. Wani ya tambaye shi ko Bafaranshen na da sifana mai lamba goma. Ya koma yana ɗaga waya sama yana neman sabis, don ya nuna masu bidiyo.

Wata tsohuwa mai kaji uku a kwando ta ce ita tun da ta ga wanda ya yaba motar a tasha ta san baki ya kama ta. Ba wanda ya musa mata.

Duk wannan hidima, karen motar, yaro ɗan shekara goma sha biyar da ba a tambayi ra'ayinsa ba, ya riga ya buɗe murfin tukunya ya ga ta kusa ƙafewa, ɗan abin da ya rage kuma baƙi ƙirin, alamar roba ta narke a ciki. Ya zura hannu bayan feda, wurin a bushe; da kulocin sama ne ke yoyo, da ya tarar da jiƙa a nan, har kan shimfiɗar ƙafa. Sai ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi, ya janye robar da ke rufe bakin kulocin ƙasa, mai ya tsiyayo masa a hannu haɗe da laka. Nan ne ciwon. Wurin na ƙasa-ƙasa, duk kududdufin da aka faɗa sai ya yi wanka, yashin fadama kuma in ya samu tsaga a robar nan aikinsa sai ka ce zarto. Ya aiki mai babur ɗin nan, bakaniken Sakkwato, ya sayo roba da sabon gwangwanin mai da ba a huda ba.

Da aka sa sabuwar roba, saura cire iska. Wannan aikin mutum biyu ne, kuma nan ake gane wanda ke jin magana. Yaro na ƙasa da sifana a kan ɗan noti, direba na sama. "Oga, famfa! Riƙe!" Ya kwance noti, mai ya fito da kumfa yana tartsatsi, ya ɗaure. "Saki!" Sau uku Oga na saki kafin a ce ya saki, iskar da aka kora ta koma inda ta fito, domin yana ta gardama da Baba kan shekarar da aka yi babbar ambaliya. Mai taimako aka ba gwangwani ya riƙa cika tukunya kada ta bushe, ya cika ta har ta tumbatsa, man ya zubo kan fenti, aka yi ta neman ruwa a wanke kafin ya ci launin motar Alhaji.

A karo na bakwai feda ta yi tauri. Giya ɗaya ta shiga ba ko ƙara. Baba ya ce ai dama abin da yake nufi ke nan, bakaniken Sakkwato ya nemi kuɗin mansa da na shawara, ɗalibi ya samu sabis daidai lokacin da aka rufe bonet, tsohuwa ta ce addu'arta ce. Alhaji ya sake kira ya ce a rubuta masa lissafi. Yaro ya goge hannu a wando ya ɗare kan buhuna, motar ta ja, suka isa Mafara bayan azahar, masu sayen shinkafa na ɗaure kaya.