Mun Yi Dace da Honarabul

Mahassada ne kawai ke cewa sabon ɗan majalisarmu na tarayya ba shi da tarihi. Yana da shi, har ya yi yawa. Tun dawowar mulkin farar hula a 1999 yake hidimar al'umma, sai dai al'ummar mutum ɗaya ce, wato maigidansa. Da riƙon jaka ya fara, ya samu ƙarin girma zuwa buɗe ƙofar mota, daga nan aka ga ƙwazonsa aka damƙa masa matasan da ke raka ayari, waɗanda 'yan baƙin ciki ke kira 'yan jagaliya. Gorar da suke riƙewa ai ta dogarawa ce, don tafiyar kamfe akwai gajiya.

Batun ilimi kuwa a daina tayar da shi. Sashe na 65 na tsarin mulki karatun sakandare kawai ya nema, Honarabul kuma ya yi rantsuwa a kotu cewa ya yi, ambaliya ce ta tafi da takardar. Wa zai yi jayayya da ruwa?

Da gwamna ya naɗa shi kantoman riƙo, sai tausayinsa ya fito fili: ya hau kujera bai wahalar da ko tsohuwa ɗaya da layin zaɓe ba. Ba ya takura wa ma'aikata da zuwa ofis kullum. Ƙarshen wata yake leƙowa, ranar da kaso ya sauka, ya raba abin da asusun haɗaka ya rage, ya koma babban birnin jiha kafin la'asar. Malaman firamare har yau suna ambatonsa a addu'a. Ban dai tsaya jin irin addu'ar ba.

Amma inda ya tsere wa tsara shi ne aƙida. Ya yi ANPP tana mulkin jiha, ya yi PDP tana mulkin ƙasa, ya gane gaskiyar APC a 2015, a daren da sakamako ya fito. Mutum ne mai tsayuwa kan magana ɗaya: bai taɓa kwana a adawa ba. Tsarin mulki ya ce ɗan majalisar da ya sauya sheƙa ya bar kujera, sai fa in jam'iyyarsa ta dare gida biyu. Kada kowa ya damu. Allah Ya ba Honarabul idon hango ɓaraka a bangon da ko tsagewa bai yi ba.

A 2022 fom ɗin takarar wannan kujera naira miliyan 10 ne a jam'iyyarsa. Bai taɓa aljihunsa ba, “masoya” ne suka haɗa, yawancinsu ba sa cin abinci sau uku. Deliget kuwa ya karrama su, ya killace su a otal, ya karɓe wayoyinsu don su samu barci, ya sallame su da kuɗin Amurka saboda naira nauyi gare ta. Ranar zaɓe, 25 ga Fabrairun 2023, lokacin da takardun kuɗi suka yi ɓatan dabo, mutane na kwana a bakin banki, bai bar mata sun koma gida hannu rabbana ba: taliya biyu, sabulu ɗaya. A raba wannan a shekara huɗu, a ga ko akwai wanda aka cuta.

Ranar 13 ga Yuni aka rantsar da shi cikin wakilai 360, mako biyu bayan cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Ya ji zafin talaka ƙwarai, shi ya sa da aka zo rabon motocin da kowace ta haura naira miliyan 100 ya daure ya karɓa. Hujjar ma mai ƙarfi ce: hanyoyin mazaɓa sun lalace. To, a gyara hanya mutum dubu su bi su sake lalata ta, ko a sayi mota ɗaya da ta fi ƙarfin ramuka? Kuma a tuna, tun 2018 Sanata Shehu Sani ya bayyana cewa sanata na karɓar naira miliyan 13.5 duk wata na gudanar da ofis. Na Honarabul bai kai haka ba, ɗan majalisar wakilai ne. Yana ta maneji, shi da mai mafi ƙarancin albashi.

A zauren majalisa ba ya cikin masu ɓata lokaci da ƙudurori. Shirunsa na dattaku ne. Sai in shugaba ya nemi jin masu goyon baya, nan fa muryarsa ke danne ta kowa, ko bai ji abin da aka karanta ba. Yaƙi ɗaya ya yi da gaske, na shiga kwamiti mai maiƙo, ya kuma yi nasara.

Romon dimokuraɗiyya ya fara isowa. An kafa allon rijiyar burtsatse, hotonsa ya fi tankin girma, ruwan na tafe. Kekunan ɗinki da injinan markaɗe suna gidansa a adane, kada ƙura ta taɓa su kafin zaɓe ya matso. Jami'an ICPC da suka fara bin sawun ayyukan mazaɓu tun 2019 ba su fahimci irin wannan tattali ba.

Lambar wayarsa ta canja, gaskiya ne, likita ne ya hana shi hayaniya. Masu barazanar kiranye su je su tara sa hannun fiye da rabin masu rajista, su tambayi mutanen Kogi ta Yamma yadda tasu ta ƙare a 2018. Yanzu ma matasa sun matsa masa lamba ya fito sanata a 2027. Shi ba ya so sam. Kuɗin fastocin dai ya biya, don kada yaran su ji kunya.