Babur Ɗan Kano, Mai Shi Ɗan Dabawa

Ranar Laraba, idan mutanen Dabawa suka ɗunguma kasuwar Dutsin-Ma, tsaya ka karanta lambobin da ke bayan baburansu: Kano, Kaduna, Zamfara, har Legas, kamar ana taron gwamnoni. A ƙa'ida, wanda ya sayi babur na hannu zai je ofishin lasisi a mayar da takardu da sunansa. To, masu baburan kowa da tasa fatawar.

Akwai Malam Amana. Ya je Fagge ya ƙirga kuɗi, dillali ya ci la'ada, aka shafa fatiha. Ka tambaye shi rasit, ya ce, "Haba! Mutumin fa a sahun gaba yake sallah." Sunansa? "Alhaji." Alhaji wa? "Wani dogo dai."

Gara mai leda. Shi yana da takardu, a ƙulle cikin ledar burodi a ƙarƙashin sit, sun sha damina har tawadar ta zama shuni. Babur ya bi hannu huɗu kafin ya iso gare shi, amma sunan na farko ne a jiki. Ɗan KASSAROTA, jami'in kula da dokar hanya, ya duba takarda, ya dube shi, ya ce, "Baba, kai ne Emeka?" Sai ya gyara hula: "Sunan makaranta ne, yallaɓai."

Ɗan Legas kuwa ya dawo da Boxer ɗinsa bayan an hana acaɓa a wasu sassan birnin a 2022. Ko kyauta aka ce za a sauya masa lamba ba zai yarda ba, don ita ce shaidar ya ga teku.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai kwance lamba. Ya cire ta Zamfara, ya maƙala faranti mai rubutun "Hassada ga mai rabo taki." Daga Dabawa zuwa Kurfi ba ya taka kwalta, gona-gona yake bi, man da ya ƙona wajen kauce wa shinge ya isa yin takardun har da canji. Ga shi zamanin ba na wasa ba ne: a 2021 gwamnatin Masari har dakatar da cinikin baburan hannu ta yi a kasuwar Charanchi saboda 'yan bindiga. Babur mara lamba ya ɓullo daga cikin dawa da magariba, 'yan sintiri ba karin magana za su tsaya karantawa ba.

Sai mai "na san wani." Ya karɓi kuɗinka da hotonka, wai zai yi maka takardun. Kullum intanet ta ɗauke, ko oga ya tafi ta'aziyya.

Can ƙarshe ga malamin firamare, wanda majalisa ke yi wa dariya. Kafin ya biya sai da ya durƙusa ya goge lambar inji da ta shasi da gefen rigarsa, ya gwada da rasit. Ya sa aka rubuta takardar ciniki da shaidu biyu, ya yi rantsuwa a kotu, ya bi ta wurin 'yan sanda, 'yan VIO suka duba, ya biya kuɗin gwamnati, ya fito da lambar Katsina fes. Tun daga ranar, duk mai shiga Katsina babur ɗinsa yake aro, shi kuma ya tafi makaranta a ƙasa.